Gwajin jini a matsalar PCOS da jinkirin haihuwa: tambayoyi da amsoshi

Takardar gwaji takan fito cike da haruffa: FSH, LH, AMH, TSH, SHBG, kowanne da lamba a gefensa, wasu an ja musu layi da biro. Likita ya duba cikin minti biyu saboda mutane na jira a waje, mace ta koma gida da takarda a jaka, tambayoyi kuma fal ranta. Ga waɗanda aka fi yi.

Akwai gwajin jini guda ɗaya da zai nuna ina da PCOS?

Babu. PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da kan hana ƙwai fita a kan kari, ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ce, da za a ɗiga jini a ga layi biyu. Tun taron masana da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 2003, ƙa'idar da ake bi ita ce a samu biyu cikin abubuwa uku. Na farko rikicewar al'ada: tazarar da ta gaza kwana 21 ko ta haura kwana 35, ko al'adar da ba ta zuwa sau takwas a shekara. Na biyu yawan sinadarin maza a jikin mace, ko dai a gan shi da ido (gemu, saje, gashin ƙirji, ƙuraje masu taurin kai, zubewar gashin tsakiyar kai) ko a same shi a jini. Na uku hoton sikanin da ya nuna ƙananan jakunkunan ƙwai 20 ko fiye a gidan ƙwai guda, ko gidan ƙwan ya kumbura ya kai mililita 10.

Jakunkunan nan ba ƙari ba ne, ba kuma abin yi wa tiyata ba ne. Ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya a milimita 2 zuwa 9, babu wanda ya nuna har ya fito. Kuma sikanin kaɗai ba ya yanke hukunci: mace mai al'ada daidai, marar alamun sinadarin maza, ba ta da PCOS ko da hoton ya nuna jakunkuna jere kamar duwatsun wuya.

To me ya sa aka rubuta mini gwaji har bakwai ko takwas?

Rabinsu ba PCOS suke nema ba, masu kama da ita suke kora. Gwajin ciki ne farko, domin babu abin da ya fi juna biyu ɗauke al'ada. TSH yana duba halittar tayirod da ke gaban wuya, wadda in ta yi sanyin aiki ko ta yi gaggawa al'ada kan rikice. Furolaktin shi ne sinadarin da ke kawo ruwan nono, in ya hau yana hana ƙwai fita. FSH yana nuna ko gidan ƙwai ya gaji tun lokacinsa bai yi ba. In ya haura 25 IU/L a macen da ba ta kai shekara 40 ba kuma al'adarta ta ɗauke, magana ta koma wani fanni. Sai 17-OHP, wanda ke gano wata matsalar gado ta 'yar halittar da ke saman ƙoda. Ita ma tana fitar da gemu tana rikita al'ada, kamarsu ɗaya da PCOS, amma maganinta daban. Ana ɗibar jininsa da sassafe a farkon al'ada, kuma abin da bai kai 2 ng/mL ba yakan kore zargin.

Wace rana ya kamata in je a ɗebi jinin?

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Sinadaran nan hawa da sauka suke yi cikin wata, jinin da aka ɗiba a ranar da ba ta dace ba zai ba da lamba, amma lambar ba ta da fassara.

Ki fara da ƙirga daidai. Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya zubo sosai har kika sa ƙunzugu, ban da ɗigon da kan riga shi da kwana ɗaya ko biyu. FSH, LH (sinadarin da ke sa ƙwai ya fita) da istiradiyol (sinadarin mata) ana yinsu tsakanin rana ta 2 da ta 5. Testosteron (sinadarin maza), SHBG (furotin da ke ɗaure shi a jini) da 17-OHP su ma a waɗannan kwanaki, da safe, kafin ƙarfe goma in da hali. TSH da AMH (mai nuna yawan jakunkunan ƙwai) ba ruwansu da rana. Furojesteron, mai nuna ko ƙwai ya fita, yana da nasa lissafin, yana tafe a ƙasa.

Wadda al'adarta ta yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, ba za ta zauna jiran rana ta biyu ba. A tabbatar babu ciki, sannan ko dai a ɗebi jinin a kowace rana a haɗa da furojesteron don a gane inda jiki yake, ko likita ya ba da ƙwayar da za ta sauko da jinin a ƙirga daga nan. Ko ta yaya aka yi, ki sa a rubuta ranar al'adarki ta ƙarshe a jikin takardar.

An ce in yi gwajin rana ta 21, ya fito ƙasa sosai. Ke nan ƙwai ba ya fita?

Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ranar ce aka kuskure. Furojesteron ake aunawa a wannan gwaji, shi kuwa ba ya hawa sai bayan ƙwai ya fita, kuma yakan kai ƙololuwa kamar kwana bakwai kafin al'ada ta gaba. Lamba 21 ta samo asali ne daga mace mai zagayen kwana 28: a cire bakwai, saura 21. Mai zagayen kwana 35 ranarta ta 28 ce. In aka ɗebi jininta rana ta 21, a lokacin ƙwan yana shirin fita ne, sakamako zai zo ƙasa, a ce mata ba ta fitar da ƙwai alhali tana fitarwa. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, a fara rana ta 21 a riƙa maimaitawa duk mako har jini ya zo, sannan a waiwaya a ga wane sakamako ne ya faɗa kwana bakwai kafin zuwansa.

Abin da ya haura 3 ng/mL, wato wajen 10 nmol/L, alama ce ƙwai ya fita. Ɗakunan gwaji masu bin tsarin Ingila sukan sa 30 nmol/L a matsayin tabbaci. Sinadarin yana fita ne a guntu-guntu cikin yini, don haka lamba guda ba ta auna kyawun ƙwai, fitarsa kawai take nunawa.

Tsinken gwajin fitsari na gano ranar fitar ƙwai da ake sayarwa a kemis yakan yaudari masu PCOS. LH yake aunawa, su kuwa da yawansu LH ɗinsu a sama yake koyaushe, sai tsinken ya yi ta nuna layi biyu kwana da kwanaki ba tare da komai ya fita ba.

Gemu na fito mini, amma an ce testosteron ɗina daidai yake. Ta yaya?

Mafi yawan testosteron da ke cikin jini a ɗaure yake jikin wani furotin da hanta ke yi, SHBG. Wanda ke sake shi ne ke isa saiwar gashi ya yi aiki. Ƙiba da yawan insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, suna rage SHBG, sai na saken ya ƙaru ko da jimillar ba ta motsa ba. Shi ya sa ake auna biyun tare a fitar da lissafin da ake kira FAI: a ninka testosteron sau 100, a raba da SHBG, dukansu a ma'aunin nmol/L. Ɗauki mata biyu, kowace testosteron ɗinta 2.0. Ta farko SHBG ɗinta 80, lissafinta 2.5. Ta biyu nata 20, lissafinta 10. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyaka wajen 5. Jimilla ɗaya, jiki daban.

Akwai kuma raunin na'ura. Injinan da aka fi amfani da su an tsara su ne da jinin maza, wanda testosteron ɗinsa ya ninka na mata sau goma ko fiye, kuma a ƙananan lambobi sukan yi kuskure. Wata hanyar awo da ake kira LC-MS/MS ta fi daidai, sai dai ba ko'ina ake samunta ba. Gwajin da ke cewa ya auna testosteron na sake kai tsaye, ba ta lissafi ba, kada ki ɓata kuɗinki a kansa. Gashin da ido ya gani a haɓa da ƙirji shi ma hujja ne, ko jini ya nuna ko bai nuna ba. Ki gaya wa likita in kina askewa ko tsigewa, kada ya duba fuska sumul ya rubuta babu.

Inda ake tashi tsaye shi ne in testosteron ya haura 5 nmol/L, kusan 150 ng/dL, ko alamun suka taso gadan-gadan cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, ƙwanji ya fito. PCOS a hankali take tafiya tun daga balaga. Mai saurin nan sai an binciki ƙari a gidan ƙwai ko saman ƙoda, a haɗa da hoto da gwajin DHEAS, wani sinadarin maza da halittar saman ƙoda ke fitarwa.

An ce LH ɗina ya ninka FSH sau biyu, wai shi ne shaidar PCOS.

Tsohon yayi ne. Ana ganin hakan a masu PCOS da yawa, musamman sirara, amma ba ya cikin ƙa'idar ganewa. Mai ƙiba na iya samun PCOS da LH daidai, lafiyayyiya kuma LH ɗinta kan yi tsalle a tsakiyar wata.

Mene ne AMH, kuma yawansa alheri ne ko matsala?

Ƙananan jakunkunan ƙwai ne ke fitar da shi, saboda haka yana nuna yawansu. A PCOS jakunkunan sun taru ba su fashe ba, sai AMH ya ninka na sauran mata sau biyu ko uku. Ƙa'idar duniya da aka sabunta a 2023 ta yarda a yi amfani da shi a madadin sikanin ga macen da ta manyanta. Wannan sauƙi ne ga budurwa, wadda ba a yi mata sikanin ta gaba, na saman ciki kuma ba ya ƙirga jakunkuna da kyau. Amma madadi ne, ba a buƙatar a yi duka biyun. Wadda al'adarta a rikice take kuma ga gemu, ta riga ta cika biyu cikin uku, ba ta buƙatar ko ɗaya. Yarinyar da ba ta kai shekara takwas da fara al'ada ba kuwa, ba a yi mata hukunci da AMH ko sikanin, domin a shekarun nan yawan jakunkuna ba abin mamaki ba ne.

Babu lamba guda da duniya ta tsayar a matsayin iyaka. Ya danganta da shekaru da irin injin. Kuma AMH adadi yake faɗa, ba inganci ba. Mai AMH ƙasa da ke fitar da ƙwai duk wata tana iya ɗaukar ciki kamar kowa, mai AMH sama tana iya shekara ba ta fitar da ko ɗaya ba. Babban amfaninsa yana wajen masu shirin dashen ciki na IVF, inda yake nuna wa likita yawan allurar da zai bayar, da wadda gidan ƙwanta zai iya kumbura fiye da kima.

Furolaktin ɗina ya hau. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa?

Kafin a kai can, a maimaita. Furolaktin sinadari ne mai saurin firgita: tsoron allura, neman jijiya sau uku, hawa bene a guje, saduwa a daren jiya, matsa nono don a ga ko ruwa na fita, duk suna ɗaga shi. Shayarwa da ciki ba a ma maganarsu. Magunguna ma haka, irin su metoclopramide da domperidone na amai, da risperidone da haloperidol na lalurar ƙwaƙwalwa. Tayirod mai sanyin aiki ita ma tana ɗaga shi, shi ya sa ake karanta shi tare da TSH. A sake ɗiba da hantsi, awa biyu ko uku bayan tashi daga barci, bayan kin zauna kin huta kamar minti ashirin. In ya ci gaba da hawa ba tare da wata alama ba, a nemi lab su duba ko makrofurolaktin ne, wani dunƙulallen nau'i da injin ke ƙirgawa amma ba ya aiki a jiki. Sai an wuce duk wannan ake maganar hoton MRI. Ƙarin da ake samu a irin wannan yanayi ma yawanci ƙarami ne, ba ciwon daji ba ne, kuma ƙwayar cabergoline ko bromocriptine na shanye shi.

Ni haihuwa nake nema, me ya haɗa ni da gwajin sukari?

Jikin mafi yawan masu PCOS ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta ƙara fitar da shi. Insulin mai yawa yana zuga gidan ƙwai ya ƙara sinadarin maza, yana rage SHBG, yana hana ƙwai nuna. Baƙin da ke kwanciya a bayan wuya da hammata, mai laushi kamar karan-miski, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, alamarsa ce. Haɗarin ciwon sukari ya fi yawa a masu PCOS, har da sirara, kuma shiga ciki da sukarin da ba a sani ba yana jawo ɓari da nakasar jariri.

Gwajin da ya fi kamawa shi ne na shan ruwan sukari, OGTT. Kwana uku kafin ranar ki ci abincinki yadda kika saba, tuwo, shinkafa, burodi; wadda ta ƙaurace wa waɗannan don sakamako ya yi kyau, akasin haka take samu. Ki kwana ba ci na awa 8 zuwa 14, ruwa zalla ya halatta, ban da shayi, koko da goro. Da safe a ɗebi jini, a ba ki gram 75 na gulukos a ruwa mililita 250 zuwa 300, ki shanye cikin minti biyar. Ki zauna wuri ɗaya awa biyu cur, ba zuwa kasuwa a dawo ba, domin tafiya na ƙone sukarin. Sai a sake ɗiba. In kin yi amai, gwajin ya ɓaci, sai wata rana. Ba a yinsa ana zazzaɓi, kuma tunda sai an sha abu da safe, a tsara shi kafin watan azumi ko bayansa.

Jinin farko da ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, ko na awa biyu da ya kai 11.1, wato 200, ciwon sukari ne, a tabbatar da gwaji na biyu. Na awa biyu tsakanin 7.8 da 11.0 gargaɗi ne, kuma shi ne wanda gwajin safe kaɗai ke tsallakewa. Wani kuskuren daga lab yake: jinin da aka bari a kwalba ba a tace ba, sukarinsa na raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, saboda ƙwayoyin jinin na ci. Kwalba mai toka-tokan murfi ake amfani da ita, a kuma tace da wuri. In komai ya fito daidai, a maimaita bayan shekara ɗaya zuwa uku, da kuma lokacin ciki tsakanin mako na 24 da na 28.

HbA1c bai fi sauƙi ba, tunda ba ya buƙatar kwana da yunwa?

Ya fi sauƙi. Yana nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku: 5.7 zuwa 6.4 cikin ɗari gargaɗi, 6.5 zuwa sama ciwon sukari. Sai dai ya dogara da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kuma a ƙasar Hausa abubuwan da ke taɓa wannan ba kaɗan ba ne. Mai sikila, SS ko SC, ƙwayoyinta ba sa daɗewa, sakamakonta zai zo ƙasa na ƙarya. Mai AS ma wasu injinan kan ruɗe da jininta. Ƙarin jini na kwanan nan da zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyin jini suna saukar da lambar, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana ɗaga ta, abin da ya zama ruwan dare ga wadda al'adarta kan ɗauke wata uku sannan ta ɓarke da yawa. Ki faɗi rukunin jininki na gado kafin a zaɓa miki gwaji.

Sai na auna insulin ɗin kansa?

Ba dole ba ne. Injina ba su daidaita a kansa ba, kuma sakamakon ba ya sauya magani. Kuɗin ya fi amfani a gwajin kitsen jini: tiraigiliserayid da ya kai 1.7 mmol/L da HDL, kitsen jini mai amfani, da ya gaza 1.3 su ne salon da aka fi gani. A haɗa da awon hawan jini duk shekara, da tef a kugu, inda santimita 80 ce iyakar mace. Mai ƙiba a yi mata gwajin hanta na ALT saboda kitsen hanta.

Waɗanne magunguna ne ke ɓata sakamako?

Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu tana ɗaga SHBG, ta danne testosteron, LH da FSH, ta rage AMH. Sai an daina ta wata uku kafin a amince da gwajin sinadarin maza, a kuma nemi wata kariya in ba a son ciki a lokacin. Allurar wata uku kan riƙe al'ada watanni bayan an bar ta, wannan ba PCOS ba ce. Biotin da ake sha don gashi da farce yana rikita injina da yawa, ya nuna TSH ƙasa, testosteron sama. A ajiye shi kwana biyu zuwa uku kafin gwaji.

Wanda aka fi ɓoyewa shi ne sitiroyid: dexamethasone da ke cikin magungunan ƙiba irin su "sha ka fashe", da clobetasol da ke cikin mayukan bilicin da yawa. Suna ɗaga sukari, su rikita al'ada, su kawo ƙuraje da gashi da kumburin fuska, har a rantse PCOS ce. Wadda ta daɗe tana shan su kada ta yanke rana ɗaya, yin hakan na da haɗari, likita ne zai rage mata a hankali. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa a leda, har da na gargajiya da kayan mata, ki kai a gani.

Lab biyu sun ba ni lambobi daban-daban. Wanne ne gaskiya?

Duba ma'aunin da ke gefen lambar tukuna. AMH na 5 ng/mL shi ne kusan 36 pmol/L, ana ninkawa da 7.14. Sukari na mg/dL ana raba shi da 18 ya koma mmol/L. Furolaktin na ng/mL ana ninka shi da kusan 21 ya koma mIU/L, don haka 20 a wannan takarda da 420 a waccan abu ɗaya ne. In ma'aunin ɗaya ne, bambancin injin ne ko na ranar ɗiba. Gwajin da za a riƙa bibiya, a tsaya wa lab guda.

Duk gwajin jinina ya yi kyau, ciki bai shiga ba. Saura me?

Saura abu biyu da jinin mace ba ya nunawa. Ɗaya bututun mahaifa, wanda tsohon ciwon sanyi, ko cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari, kan toshe ba tare da mace ta ji komai ba. Hoton HSG ke duba shi, bayan al'ada ta ɗauke kafin tsakiyar wata.

Na biyu maigida. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun namiji, shi kaɗai ko tare da matar, kuma gwajinsa ya fi yawancin na matar araha. Samun 'ya'ya da uwargida shekara goma da suka wuce ba ya nuna halin da ake ciki yau. Ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, ya tara maniyyin duka a kwalbar da lab ta bayar, ba a kwaroron roba ba, ya kai cikin awa ɗaya a aljihun da ke jikinsa, kada ya yi sanyi kada rana ta buge shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙananan iyakoki a mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin ɗari masu tafiya gaba, da kashi 4 masu cikakkiyar siffa. In ya fito ƙasa a maimaita bayan wata uku, domin zazzaɓi mai zafi kaɗai kan rage shi na tsawon wannan lokaci. Ana fara duk binciken nan bayan shekara ɗaya ana nema, ko wata shida in matar ta kai 35, amma mai rikicewar al'ada ba sai ta jira ba.

An tabbatar PCOS ce, an fara magani. Wane gwaji ya rage?

Ga mai neman ciki, letrozole ne maganin farko na sa ƙwai ya fita yanzu, ya sha gaban clomiphene. Ana farawa da miligram 2.5 kullum na kwana biyar a farkon al'ada, bayan an tabbatar babu ciki. Furojesteron na kwana bakwai kafin al'ada, ko sikanin bibiyar ƙwai, shi zai nuna ko ya yi aiki. In bai yi ba likita ya ƙara zuwa 5, sannan 7.5. Shan sa wata bayan wata daga kemis ba tare da an duba ko ƙwai na fita ba, harbi ne a duhu. A fara folik asid tun kafin cikin ya shiga. Mai ƙiba da ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'adarta kan daidaita. Wadda ta daɗe a kan metformin, maganin sukari, a riƙa duba mata bitamin B12, domin yana rage shi. Maimaita AMH ko LH don a ga ko an warke ba shi da amfani, kalandar al'ada ta fi su faɗin gaskiya.

Wadda ba ta neman ciki kuma, kada ta bar al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba. Bangon mahaifa yana ta kauri ne a lokacin, kuma in aka bar shi shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Likita zai ba ta ƙwayar furojestin, mai aiki irin na furojesteron, ta kwana 10 zuwa 14 don jinin ya sauka, ko ƙwayar tazarar haihuwa, ko robar mahaifa mai sinadari.